Yadda Alhaji Ilu Ya Zaɓi Gwarzon Besbol

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka birnin Guangzhou sarin takalma, wato Gwanzu a bakin mutanenmu, ya san Alhaji Ilu Wambai. In bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa, don tun daga ƙasan benayen kasuwar takalma ta Zhanxi Lu ake jiyo ta. Mutum ne da Allah bai saka wa kalmar "ban sani ba" a baki ba. Tambaye shi hanyar jirgin ruwa, ya sani. Tambaye shi maganin basir, ya sani. Ranar da lifta ta tsaya da su a hawa na shida, shi ya yi wa injiniyan bayanin abin da ya lalace, da Hausa kuma.

A wannan shekarar akwai wani takalmi da ya hana shi sukuni. Silifa ne na maza, baƙar fata da ɗinkin zare ruwan zinare, na masana'antar wasu 'yan'uwa biyu, Kuo Babba da Kuo Ƙarami, mutanen tsibirin Taiwan da suka daɗe a Gwanzu. Al'adarsu, ɗan kasuwa ɗaya tak suke ba wa sabon samfur a kowace ƙasa, kuma takardar yarjejeniyar ba ta zama takarda sai kowannensu ya danna mata jan hatiminsa. Mutum biyu ke neman ta Najeriya: Alhaji Ilu, da maƙwabcinsa na layi a kasuwa, Ma'azu, wanda in ba ka tambaye shi ba sai ya wuni bai ce uffan ba.

Shi kuwa Ilu bai jira hatimi ba. Ana ba shi samfur, ƙafar hagu kaɗai kamar yadda ake bayarwa don kada a kai wa masu kwaikwayo, ya ɗauki hotonsa ya watsa Kano. Ya sanar da duk dilolin kasuwar Wambai cewa takalmin Sallar bana nasa ne, har ya raɗa masa suna "Sai Ilu". Ya rantse ranar Idi ba ƙafar da za ta taka filin ba da sunansa ba.

Ranar Laraba suka hau ofishin 'yan'uwan, shi da Ma'azu da Hajiya Faridatu, 'yar zangon Kumasi mai harkar lodin kwantena, wadda ta shekara sha biyu a garin har Sinanci ya zauna mata a baki. Ita ce tafintarsu. Ana cikin zuba shayi idon Ilu ya faɗa kan wata farar ƙwallo mai jan ɗinki, a ajiye cikin akwatin gilashi kamar kayan gado.

"Besbol!" in ji shi, har da buga tebur.

To, gaskiyar sanin Ilu da besbol ga iyakarta: kafin ya shiga takalma ya shekara bakwai yana kwance dilar gwanjo, kuma rigunan 'yan wasan da hulunansu sun bi ta hannunsa ba adadi. Ya san wadda ke zuba in an wanke, ya san wadda ba ta zuba. Wasan kansa ko a mafarki bai taɓa gani ba.

"Hajiya, gaya musu lokacin da nake Amurka ina cikin kwamitin da ke zaɓen gwarzon shekara."

Shayi ya sarƙe Ma'azu. "Alhaji, wace Amurkar? Ta bayan Sabon Gari?"

"Kai dai sha shayinka."

Faridatu ta dube shi, ta ce da Hausarta ta zango, "Alaji, wannan magana shi na da nauyi. In faɗi?"

"Faɗi mana. Ni na ce ki faɗa."

Ta faɗa. Sai ga tsofaffin nan biyu sun miƙe tsaye a tare, kowa na magana ba mai sauraron wani. Da ƙyar Faridatu ta tsinto zaren. Ashe shekara ashirin ke nan suna gardama ɗaya. A wata kakar wasa can garinsu, kulob ɗinsu ya kai wasan ƙarshe ya faɗi, aka ba ɗan wani kulob kambun gwarzo. Dukansu sun yarda zalunci ne. Inda suka rabu shi ne wa ya cancanta: Kuo Babba ya ce Lamba Bakwai, mai dukan ƙwallo da kulki, Kuo Ƙarami ya ce Lamba Ashirin da Ɗaya, mai jifa. A kan wannan sun taɓa wata uku ba sa cin abinci a tebur ɗaya, matansu ma sun gaji sun zuba musu ido. Yau ga baƙo daga nesa, ba dangin iya ba na baba, kuma masani daga Amurka. Ranar Lahadi tsofaffin abokansu masu masana'antu za su taru cin abincin rana. A nan zai yanke hukunci, a nan kuma za a danna hatimi.

Suka damƙa masa filashi mai ɗauke da wasannin kakar gaba ɗaya.

"Kwana huɗu sun ishi Loban?" Faridatu ta fassara tambayar Kuo Babba. Loban shi ne oga a bakinsu.

"Ce masa kwana ɗaya ma ya yi yawa."

Kafin la'asar labari ya gama zaga Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi sauka. Ranar Alhamis da rana gidan tuwon Saude, wani falo a hawa na tara da ta mayar wurin cin abinci, ya cika ya batse. Kowa ya zo ganin ɗan kwamitin Amurka.

"Alhaji, wai ya ake yin wasan ne?" wani ya tambaya.

"Sauƙi gare shi in kana da kai. Wani ya jefo, wani ya make, sai a ruga."

"A ruga ina?"

"Inda aka nufa mana."

"Mutum nawa ne a fili?"

"Ya danganta da yanayi."

"To a nuna mana," in ji Ma'azu, yana lashe yatsa.

Ilu ba ya ja da baya a gaban jama'a. Ya naɗe hannun farar shaddarsa, ya ɗauki doguwar laimar da ya shigo da ita saboda ruwan Gwanzu ba ya sallama, ya ce a kawo abin jifa. Aka ɗauko albasa daga kwandon Saude. Ma'azu ya koma bakin ƙofa ya jefo. Ilu ya kai duka, albasa ta wuce abinta ta sami bango.

"Wannan ta gwaji ce. A ƙa'ida ana barin ta farko."

A ta biyu laimar ta buɗe tsakiyar duka, ta kife masa a ka, ya yi ta kokawa da ita kamar wanda gidan sauro ya faɗo wa. Dariya ta kaure har wani ya ƙware da tuwo.

A ta uku kuwa Allah ya ba shi sa'a, in sa'a ce. Ya sami albasar ɗas, ta tashi ta daki fankar sama, fanka ta maido ta da ƙarfinta cikin babbar tukunyar miyar kuka da Saude ta sauke yanzu-yanzu. Miya ta yi tsalle. Rabi ta sauka a gaban rigar Ilu, rabi a kan wani dattijo ɗan Maraɗi da bai ce wa kowa komai ba tun shigowarsa.

"Wannan ai wulaƙanci ne, mon ami!" in ji dattijon, kuka na ɗiga daga gemunsa.

Saude ta fito da muciya a hannu. "Alhaji Ilu, Amurkar taka a tukunyata take?"

Ilu ya share miya daga girarsa, ya dubi jama'a. "A wasan ƙwararru, wannan maki uku ne."

Ranar Juma'a ana fitowa daga Masallacin Huaisheng, mutane na ta musabaha a titin Guangta, sai ga baƙar mota ta tsaya. Kuo Babba ne da kansa. Ya ja Ilu gefe, ya ɗora masa gwangwanin ganyen shayi mai tsada a hannu, ya ɗaga yatsu bakwai a gaban hancinsa. Wannan ba ya buƙatar tafinta. Ilu ya dafa ƙirji ya ce, "Loban, an gama."

Asabar da hantsi Kuo Ƙarami ya same shi a masauki da agogon hannu cikin akwati mai laushi. Ya zana ashirin da ɗaya a tafin hannunsa da yatsa. Ilu ya ɗaura agogo, ya dafa ƙirjin dai da ya dafa jiya, ya ce, "Loban, an gama."

Da Faridatu ta ji, sai ta riƙe haɓa. "Alaji, ka ci na wannan, ka ci na wancan. Takarda shi na son hatimi biyu. Ka ce Bakwai, ƙarami ba shi sa hatimi. Ka ce Ashirin da Ɗaya, babba ba shi sa. Ka je ka ce musu ba ka da lafiya."

Sai yanzu Ilu ya ga gaba kura baya sayaki. Ya tuna hoton da ya watsa Kano, ya tuna dilolin da ke jiran "Sai Ilu", ya ji tsoro na gaske ya kama shi. Amma tsoron Ilu ba ya daɗewa, nan da nan yake rikiɗa ya zama dabara.

"Hajiya, ke mace ce mai hankali, amma ba ki san shari'a ba. In mutum biyu suna rigima a kan akuya, ba ka ba wa ɗaya. Na uku za ka nemo, wanda duk su biyun za su sara wa."

Bayan azahar ya kira Ma'azu ɗakinsa, suka cusa filashi a talabijin. Awa uku suna kallo. Mutane na tsaye, mutane na tofar da yawu, can wani ya ruga, can kowa ya koma ya zauna. Ma'azu ya yi gyangyaɗi sau biyu. Sai ji ya yi an daka masa cinya.

"Na gan shi! Tashi ka ga gwarzo!"

Ilu na nuna wani ƙaƙƙarfan mutum mai tumbi, sanye da baƙar riga da ƙarfen kare fuska, tsaye a bayan mai tsugunno yana cafe ƙwallo.

"Dube shi da kyau. Tun da aka fara, ka ga ya zauna? Kowa sai ya shiga ya fita, shi yana nan daram. Ka ga ya yi gudu?"

"Bai yi ba."

"To a Wambai ka taɓa ganin mai shago yana gudu? Masu ɗaukar kaya ke gudu. Mai abu tsayawa yake ya nuna da hannu. Dubi Lamba Bakwai ɗin da ake ta zuzutawa, wannan bawan Allah ya dunƙule hannu sau ɗaya, sai yaron ya juya ya tafi kansa a ƙasa. Shi kuma mai jifan, duk jifar da ya yi sai ya leƙo fuskar wannan ya ga ko ta karɓu. Wa ya fi wani ke nan?"

Ma'azu ya ƙura ido. "Alhaji, anya wannan ba rafali ba ne?"

"Rafali! Ina usur ɗinsa? Ina jan kati? Ka taɓa ganin rafali da dogon wando da tumbi, yana tsaye wuri ɗaya? Rafali wahalalle ne, bin ƙwallo yake kamar ya yi ɓatan kai. Wannan kyaftin ɗin kyaftin ne. Shi ya sa kayansa ma daban."

"Ni dai da za ka tambayi wani."

"Wa zan tambaya? Ni ake tambaya."

Ranar Lahadi aka taru a saman wani gidan abincin Musulmin Sin, aka kewaye manyan tebura uku masu juyawa. Tsofaffi kusan talatin, wasu da tsofaffin hulunan kulob ɗin a ka. Mutanenmu ma ba a bar su a baya ba: duk wanda ya ga wasan albasa ya zo ganin ƙarshensa, har dattijon Maraɗi, wanda ya zaɓi kujera mafi nisa da tukunyar romo. An kafa babban allon talabijin. Takardar takalmi na gaban 'yan'uwan, hatimi ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Ilu ya sha babbar riga ruwan ƙwai. Agogon Ƙarami na hannunsa, ya kuma tabbatar Babba ya ji yana yabon shayinsa. Kowannensu ya ƙyafta masa ido, ya mayar wa kowa.

Da aka ci aka ƙoshi ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Nihaw, jama'a. Na duba wasannin nan ɗaya bayan ɗaya, da idon da muke dubawa a kwamiti. Lamba Bakwai yaro ne mai ƙoƙari. Lamba Ashirin da Ɗaya shi ma ba laifi. Amma dukansu 'yan aike ne. Gwarzon wannan shekara, wanda ya riƙe wasan a tafin hannunsa, shi ne mai baƙar riga na bayan mai tsugunno."

Faridatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi murmushin dole, ta faɗi 'yan kalmomi da Sinanci. Tsofaffi suka gyaɗa kai, aka ɗan tafa.

Ilu ya juyo. "Me kika ce musu?"

"Na ce ka ce duka biyu sun iya, Allah ne ya san na gaba. Zauna, Alaji. Don girman Allah zauna."

"Na yi magana kamu goma, kin ba su taƙi ɗaya? So kike ki cinye min basira?"

"Alhaji, ga nama ya zagayo gabanka," in ji Ma'azu, yana juya tebur.

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ilu ya ƙwace rimot, ya taka har gaban allo. Ya riga ya zaɓi wurin da zai kafa hujja, daga wasan ƙarshe, minti na ƙarshe. Ya danna. Ga Lamba Bakwai ya taho a guje kamar an koro shi, ya zube ya sulala da ciki cikin ƙura, hannunsa ya taɓa farantin da ke ƙasa. Ga mai baƙar riga ya dube shi, ya ja baya, ya naushi iska. Filin wasa ya kaure da ihu.

Ilu ya tsayar da hoton, ya dangwala yatsa a tumbin mutumin.

"Wannan! Namba wan! Loban na lobobi!" Ya ɗaga babban yatsa. Don kada a ce ba a gane ba, ya gyara tsayuwa, ya ja baya, ya naushi iska shi ma, da irin kukan da ya ji mutumin ya yi.

Sandunan cin abincin wani tsoho suka zame daga hannunsa suka faɗi ƙasa.

Abin da Ilu bai sani ba, kuma kowane mai hula a ɗakin ya sani kamar sunansa, shi ne wannan naushin iskar ne ya raba kulob ɗinsu da kofi. Alƙalin wasa ne, ya ce an fitar da Lamba Bakwai alhali duniya ta ga hannunsa ya riga isa. A ranar mahaifin su Kuo ya jefi talabijin da butar shayi, bai kuma sake kallon wasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Shekara ashirin ba a ambaton sunan mutumin a gidansu.

Kuo Babba ya miƙe, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Kuo Ƙarami ya miƙe. Suka fara zazzaga masifa, kuma karo na farko cikin shekara ashirin bakinsu ya zo ɗaya. Sauran tsofaffin suka kama. Wani ya cire hula yana dukan tebur da ita, wani yana kuka da hawaye sosai.

Ilu ya sunkuyo wajen Faridatu yana murmushi. "Sun yarda ko? Me suke cewa?"

"Babba ya ce ka maido shayi. Ƙarami ya ce ka cire agogo."

Nan 'yan'uwan suka tsaya cak, suka dubi juna, don kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya nema. Sai Ƙarami ya fashe da dariya, Babba ya bi shi, suka rungume juna suna bubbuga baya. Babba ya ce ai mai jifan nan ma ba ƙaramin gwani ba ne. Ƙarami ya ce a'a, hannun Lamba Bakwai ya taɓa, wallahi ya taɓa. Aka zuba sabon shayi.

Can Kuo Babba ya hango Ma'azu yana ta fama da ƙashin rago. Ya tambaya ta bakin Faridatu, "Kai fa, ka san besbol?"

Ma'azu ya goge baki. "Meyo," in ji shi, wato babu.

Tsohon ya jawo takarda. Hatimi ya sauka ta dama, hatimi ya sauka ta hagu.

A matakalar sauka dattijon Maraɗi ya dafa kafaɗar Ilu ya ce, "Alhaji, wannan kuma maki nawa ne?"

Ilu ya shafa wuyan hannunsa inda agogo ya bar shaida. Idonsa ya yi ja, don ya san abin da ke jiransa a Kano, amma bakin bai mutu ba. "Ku dai ku faɗi gaskiya. Shekara ashirin suna gaba, wa ya shirya su in ba ni ba?"

Labari ya riga kwantena isa Wambai, don cikin masu cin tuwon Saude akwai wanda ya ɗauki komai a waya. Takalmi ya zo ta hannun Ma'azu, ya kuma karɓu fiye da zato. Sai dai kasuwa ita ke raɗa wa kaya suna, ba mai kaya ba. Ranar Sallah Alhaji Ilu ya tsaya a bakin filin Idi da tsohon takalminsa, ƙafar hagun nan tana gida a kan firji. Duk inda ya duba zaren zinare ke walƙiya. Wani saurayi da bai san shi ba ya ga yana kallon ƙafarsa, ya ɗaga masa ita da fara'a.

"Baba, ya burge ka ko? Sabon yayi ne. Je Wambai ka ce a ba ka Ilu Rafali."